Ɗari, Kasko da Mafitar Hayaƙi a Tsohon Birnin Kano

Wanda ya san Kano daga nesa, ko kuwa ya taɓa ratsa ta sau ɗaya tak a tsakiyar bazara, sa'ad da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, da wuya ya gaskata in an ce masa mutanen wannan birni sun yi ƙarnoni suna fama da sanyi, kuma suna da dabaru da al'adu na jin ɗumi waɗanda suka cancanci a rubuta su kamar yadda aka rubuta labarin ganuwa da ƙofofi da yaƙe-yaƙen sarakuna. Ma'abota tarihi sun sanar da mu cewa Sarki Gijimasu ne ya fara gina ganuwa, Muhammadu Rumfa kuma ya faɗaɗa ta ya kafa Kasuwar Kurmi. Amma yadda tsohuwa take kwana a Madabo ko a Yakasai cikin daren muku-muku, da abin da take hurawa, da ta inda hayaƙin yake fita, wannan sun bar shi, don a ganinsu ƙaramin al'amari ne. Ni kuwa ban ɗauke shi ƙarami ba, gama rayuka sun tsira ta dalilinsa, waɗansu sun salwanta, har wa yau ma suna salwanta.

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu iska takan juyo daga arewa maso gabas, busasshiya ƙayau, ɗauke da ƙurar da ta kwaso daga ƙwarin Bodele na ƙasar Chadi, har hazo ya rufe Dala da Gwauron Dutse, rana ta zama fara fat, mutum ya dube ta ido da ido. Da azahar ma'aunin zafi yakan kai kusan digiri 30, da asuba kuwa ya faɗo zuwa 13 ko 12, a wasu darare ma ƙasa da 10. To, wannan tazara tsakanin yini da dare, tare da bushewar iskar da ke tsage leɓe da diddige, ita ce ke sa ɗari ya shiga ƙashin mutumin da jikinsa ya saba da zafi wata tara a shekara. Malamanmu sukan ambaci zamhariru idan lokacin ya zo, suna tuna wa almajiransu hadisin numfashi biyu da aka yi wa wuta izini da su, ɗaya a lokacin zafi ɗaya a lokacin sanyi. Baƙi ma sun shaida: Baturen nan Kilafatin, da yake tahowa daga Kukawa a ƙarshen Disamba na 1823, ya ba da labarin cewa sun wayi gari a hanya sun iske ruwan salkunansu ya daskare, abokin tafiyarsa Likita Udni kuwa, wanda dama ciwon ƙirji ya ci ƙarfinsa, ya mutu kusa da Katagum ran 12 ga Janairu 1824, kwana takwas kafin Kilafatin ya shigo Kano.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, garkuwar mutumin birni ta farko daga ɗari bango ce, wuta daga baya take zuwa. Magina sukan haƙo jar ƙasa daga kududdufan da ke cikin ganuwa, su kwaɓa ta, su mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, su shanya shi ya bushe, sa'an nan su jera shi sahu-sahu suna cike tsakaninsa da ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa ta kwana tana ruɓa. A manyan gidaje kaurin bango a gindi yakan kai kamu biyu, yana sirancewa yayin da yake hawa. Rufi kuma sai a shimfiɗa azarar giginya, wadda gara ba ta ci, a bi ta da zana ko kara, a zuba ƙasa mai kauri a daddaɓe, a rufe da laso ko makuba saboda ruwa. Irin wannan tulin ƙasa ba ya ɗaukar zafi da sauri, ba ya kuma sakinsa da sauri: ranar da ta doke shi tun hantsi ba za ta iso cikin ɗaki ba sai bayan isha'i, ta yi ta tsatsowa a hankali har tsakar dare, kamar tukunyar ƙasa da aka sauke daga murhu tun ɗazu amma har yanzu ba ta taɓuwa, sanyin asuba kuma ba ya isowa ciki sai rana ta ɗaga, daidai lokacin da ake marmarinsa. Wannan jinkiri shi ne sirrin soro, kuma babu shakka magina sun san shi sanin aiki, ko da yake ba su auna shi da ma'auni ba.

Akwai kuma wata lalura ta kayan aiki da ta zama alheri. Azara ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar da za ta ƙetare ta wuce kamar ƙafa shida, saboda haka wanda yake son soro mai faɗi tilas ya nemi gwanin da ya iya bakan gizo da ɗaurin guga, irin wanda ake gani a Gidan Makama da cikin Gidan Rumfa, wannan kuwa aikin sarakuna ne da attajirai. Talaka ɗakinsa ƙarami ne, rufinsa ba shi da tsawo, iskar da ke cikinsa kaɗan ce, don haka numfashin mutum uku da ɗan garwashi ya isa ya ɗumama shi. Manyan soraye masu tulluwa, waɗanda suke da ni'ima a bazara domin zafi yana hawa can sama ya bar mazauna, su ne suka fi wuyar ɗumamawa da ɗari, shi ya sa za ka ga mai gida ya bar babban zaure ya koma ɗan ƙaramin soro na ciki, ko kuwa ya fito da buzunsa jikin bangon gabas yana shan hantsi.

Sai mas'alar taga, wadda a nan ne hikima da aibi suka gauraya. Tagar tsohon soro ƙarama ce, sau da yawa ba ta fi kan mutum ba, kuma can sama take kusa da rufi. Dalili na farko ƙarfin gini ne, domin babbar kafa tana raunana bangon ƙasa. Na biyu ƙura da zafi da ɓarawo. Na uku kuwa, wanda a ganina ya fi sauran nauyi a birnin malamai, shi ne sutura da haƙƙin maƙwabci. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, littafin da babu zauren ilimi a Kano da ba a biya shi, ya wuce ta wurin da aka hana mutum buɗe taga ta kusa wadda zai tsinkayi gidan maƙwabcinsa ta cikinta, ko buɗe ƙofa daura da ƙofarsa. A cikin Mudawwana an kawo hukuncin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, a kan mutumin da ya gina bene ya buɗe tagogi wajen maƙwabcinsa, cewa a sa gado a bayan tagar wani ya hau ya tsaya, in yana ganin cikin gidan maƙwabci a hana, in ba ya gani a ƙyale. Muhtasar na Halilu kuma ya haɗa hayaƙi cikin cutarwar da alƙali zai hana, ya ba da misali da hayaƙin gidan wanka na kasuwa da warin majema. Ashe fuƙaha'u sun ɗaga tagar sama don kare al'aura, ba su ce a toshe ta ba. Kuma ikon Allah, wurin nan da shari'a ta tura ta shi ne daidai inda iska mai zafi da hayaƙi suke taruwa suna neman mafita.

Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarimu, ya shigo Kano a farkon Fabrairu na 1851, zamanin Sarki Usman, aka sauke shi a unguwar Dala, inda Larabawan Gadamus da na Turabulus suke da gidaje. Ya yabi arzikin birnin da masana'antunsa yabo mai yawa, amma gidajen ƙasa na wannan unguwa ya kushe su, ya ce an gina su ne don ɓoye iyali kawai, ba a kula da haske ko iska mai kyau ba, masaukinsa ma duhu gare shi, kuma zazzaɓi ya kama shi a cikinsa. Ina ganin ya faɗi rabin gaskiya. Abin da ya kuɓuce masa shi ne, Bakano bai ɗauki ɗaki wurin yini ba: girki da daka da saƙa da hira duk a tsakar gida ake yinsu ƙarƙashin sama, ɗaki na kwana ne da ajiya. Amma rabin da ya faɗa ɗin yana nan, domin da dare, musamman daren ɗari da aka ja ƙyaure aka cusa tsumma a taga, ɗakin da ya kushe shi ne dai mutane suke numfashi a cikinsa har asuba.

Kada kuma a manta cewa ba duk birnin ne soro ba. Har cikin ƙarni na ashirin ɗakuna da yawa a cikin ganuwa, balle na mata, adada ne ko kago mai jinka, kuma jinka tana numfashi: hayaƙi yakan ratsa ciyawar ya fita a hankali, ya bar kunkunniya baƙa ƙirin a jikin tanka, wadda take korar ƙwari ta ƙara wa rufin kwana. Ƙofa kuwa asabari ne ko tufaniya, iska tana shigowa ta ƙasa da ta gefe. Irin wannan ɗaki ba ya riƙe ɗumi kamar soro, kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi unguwa, amma wanda ya kwana da wuta a cikinsa galibi yakan tashi da jan ido da tari ne kurum, domin iska sabuwa ba ta yanke masa ba dare farai.

Kayan jin ɗumin kansa ba shi da yawa. Kasko ne na yumɓu, aikin masu ginin tukwane, mai faɗin baki, wanda ake ɗora wa garwashi. Kuma al'adar tsofaffin mata, wadda na ɗauke ta ilimi sahihi ko da ba a rubuta ta a allo ba, ita ce ba a hura sabon gawayi a cikin ɗaki. Sai an gama tuwon dare, itace ya cinye ya zama garwashi ja wur babu hayaƙi, sa'an nan a kwaso shi daga murhu a zuba a kasko, a barbaɗa toka a kansa don ya ci a hankali, a shiga da shi a gasa hannu da ƙafa, a ɗumama shimfiɗa, a jefa ɗan turaren wuta in akwai; idan barci ya zo a fitar da shi ko a binne shi da toka sarai, a ja gwado ko luru, mai hali ya ja sakala. A zaure maza sukan kewaye nasu kaskon ana hira ko ana bitar littafi, a makarantun allo kuwa almajirai sukan tara kara da ƙirare tun da yamma, su hura wutar karatu a fili, ta zama musu fitila da bargo gaba ɗaya, da dare da kuma kafin ketowar alfijir. Umarnin kashe wuta kafin barci yana da asali a sunna: Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musal Ash'ari cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da aka ba Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, labari, sai ya kira wuta abokiyar gaba, ya yi umarni a kashe ta in za a kwanta. Gobara ce sababin hadisin, amma fa'idarsa ta game har da gubar da ido ba ya gani.

Abin da ya fi kusa da a kira shi injin ɗumama ɗaki a ƙasar Hausa shi ne gadon ƙasa. Dakali ne ake ginawa a jikin bango, a bar kogo a ƙarƙashinsa da ɗan baki a gefe, a zuba garwashi ko a hura itace a ciki, ƙasar ta sha zafi ta riƙe shi har safiya. Tsofaffi masu ciwon gaɓɓai sun so shi ƙwarai, kuma shi ne makwancin mai jego, wadda al'ada ta hukunta mata kwana arba'in na wanka da tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma, da shan kunun kanwa, da kwanciya kan gado mai zafi, don tsoron kada sanyi ya shige ta. Likitoci biyu na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, sun bi mata 224 waɗanda zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka buga sakamakon a 1978, inda suka danganta yawan cutar da gishirin kanwa da wannan zafi, suka kuma lura ta fi tsananta wajen watan Yuli, watau sa'ad da gari yake da gumi, babu ɗarin da za a ce ana gudu. Binciken da likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suka yi daga baya ya fi karkata ga ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki da kuma talauci. Ko wanne ya fi rinjaye, a bayyane yake cewa dabarar da aka ƙago domin daren Janairu al'ada ta ɗauke ta ta kai ta watannin da ba ta da amfani a cikinsu.

Wasu al'ummai sun yi irin wannan tunani, suka kai shi gaba da mu taki ɗaya. Mutanen arewacin Sin suna da gadon tubali da suke kira kang, mutanen Koriya kuma suna da daɓen da suke kira ondol, kuma a duka biyun wutar girki ce ake bi da hayaƙinta ta cikin ramuka a ƙarƙashin makwanci, ya ba da zafinsa ga dutse da ƙasa, sa'an nan ya fita ta bututu a ɗaya gefen gidan. Rumawa ma haka suka ɗumama gidajen wankansu tun kafin Musulunci. Gadonmu baki ɗaya gare shi, ta nan iska ke shiga, ta nan hayaƙi ke dawowa cikin ɗaki. Duk da haka bututu ma bai zama lamuni ba: da Koriyawa suka koma hura curin kwal a ondol bayan yaƙinsu na 1950 zuwa 1953, iskar guba ta riƙa tsatsowa ta tsagar daɓe tana kashe mutane da yawa cikin barci kowace shekara, har sai da suka sauya zuwa bututun ruwan zafi.

Abin mamaki shi ne birnin da bai gina wa ɗaki mafitar hayaƙi ba birni ne da maƙera suka kafa. An tono shaidar narkar da tama a gindin Dala wadda masana suka ƙiyasta tun ƙarni na bakwai na Miladiyya, Abagayawa kuma suna danganta kansu da wani maƙeri da ya zo daga Gaya neman tama. Wanda ya taɓa zama a maƙera, a Lokon Maƙera ko a gefen Kurmi, ya ga yaro yana zuga zugazugan fatar akuya, hannu ɗaya na sauka ɗaya na tashi don kada iska ta yanke, ya ga yadda maƙeri yake zaɓen gawayin ƙirya, yake share bakin da iska ke fitowa da zarar ya toshe, ya san mutanen nan sun fahimci sarai cewa ƙarfin wuta a iska yake, kuma iskar da ta shiga dole ta sami hanyar fita. Me ya hana wannan ilimi ƙetarawa daga maƙera zuwa hannun Sarkin Magina? A ganina dalilai biyu ne. Na ɗaya, ɗari gajere ne, tsananinsa bai fi mako shida ko takwas ba, mutum kuwa ba ya sauya fasalin gidansa don baƙon da zai tafi. Na biyu, wanda ya fi ƙarfi, babban abokin gabar soro ruwan Agusta ne, duk hikimar magini a kan rufi ta tafi ga yadda ruwa zai gangara ya bi indararo ya faɗi nesa da bango, kuma duk kafar da aka huda a rufin ƙasa ƙofa ce aka buɗe wa yoyo da rushewa. Sai suka zaɓi rufi ya tsira, hayaƙi ya nemi taga.

Fatake, waɗanda tafiyarsu zuwa Gwanja ta kan fara ne bayan kaka, daidai shigowar ɗari, ba su da wannan matsala: a zango bukkar kara ko ta ganye suke kafawa, wuta a waje, kaya a jere su tare iska, madugu da 'yan ayari su kwana kewaye da ita. Matafiyan wannan zamani a Amurka da Turai, masu jan ɗakin tafi-da-gidanka a bayan mota, su ne suka gamu da mas'alar a mafi tsananin surarta, domin ɗakinsu ƙarami ne, bangonsa siriri, kuma a like yake ruf. Maganin da masu ƙera shi suka yi abin nazari ne. Wutar gas tana ci ne a cikin akwatin ƙarfe rufaffe wanda yake shaƙar iska daga waje yana kuma mayar da hayaƙinsa waje, ba ya haɗuwa da iskar ɗaki ko kaɗan. Fanka ce take jawo iskar ɗakin ta shafi bayan akwatin ta ɗauki zafi, ta tura ta cikin bututai masu faɗin kamar inci huɗu zuwa kusurwoyin ɗakin. In bututu ya lanƙwashe ko ya matse, ko aka ajiye kaya aka tare kafar da iska ke komawa, sai zafi ya taru a injin, wani makunni na tsaro ya kashe wutar, can ƙarshen ɗaki kuma a kwana cikin sanyi. Gyaran kuwa galibi miƙe bututu ne da rage tsawonsa da buɗe wa iska hanyar dawowa, ba ƙara wuta ba.

Canji ya zo wa birni ta hanyar dogo. Turawa sun ci Kano a Fabrairu 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911 zamanin Sarki Abbas, kuɗin gyaɗa suka shigo, tare da su kwanon rufi da siminti; lantarki ya biyo a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Ba na zargin wanda ya rufa kwano, domin yaɓen soro kowace shekara wahala ce da kashe kuɗi, kuma wanda rufi ya taɓa faɗo wa cikin damina ba ya bukatar a yi masa wa'azin kyawun gargajiya. Amma a faɗi gaskiya: kwano ba ya jinkirta komai, zafin rana yana shigowa nan take, da dare kuma ɗumin ɗaki ya tsere ta cikinsa, bulon siminti mai rami a ciki shi ma bai kama ƙafar tubali ba wajen riƙe zafi. Sai ɗaki ya fi na da sanyi da asuba, bukatar wuta ta ƙaru. A lokaci guda kuma aka sa silin, aka sa ƙofar ƙarfe mai kama bango tsam, aka sa tagar gilashi a tsakiyar bango wadda ake rufewa ruf, ƙaramar tagar sama ta ɓace. Kasko ya ba kurfoti wuri, garwashin murhu ya ba ɗanyen gawayin kasuwa wuri, wanda ake hurawa a cikin ɗaki da ɗan kananzir ko leda.

Gawayin da ke ci a inda iska ta yi ƙaranci yana fitar da wata iska da likitoci ke kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau fiye da 200. Farkonta ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya daga cikinsu. Hayaƙin itace na da yana sa tari da hawaye, ya tilasta wa mutum ya ɗaga asabari. Gawayi mai kyau da janaretan da aka shigar soro don tsoron ɓarawo ba sa yin wannan gargaɗi. Cunkoso a ɗakin da aka toshe yana da wata illar kuma, domin sanƙarau, wanda lokacinsa ke farawa da hazo ya tsananta a bazara, ta numfashi yake yaɗuwa, ƙura kuma ta riga ta kakkarce maƙogwaro ta share masa hanya. A annobar 1996, wadda Kano tana cikin wuraren da ta fi tsananta, an ƙidaya fiye da mutum 100,000 da suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu.

Ba cewa nake a koma tubali da azara ba, giginyar ma ta yi wuya, kududdufan da ake haƙar ƙasa an cike yawancinsu an yi gini a kai. Abin da nake roƙon magina da masu gina ɗakunan haya a cikin birni da Fagge da Kurna shi ne su mayar da abu ɗaya da kakanninsu suka bari: kafa mai faɗin tafin hannu biyu a ƙarƙashin silin, a bangon da ba ya fuskantar iskar arewa maso gabas, a sa mata raga saboda sauro da ƙadangare, a kuma bar tazarar yatsa biyu a ƙasan ƙofa, domin iska mai sanyi ta shigo ta ƙasa ta tura mai zafi ta fita ta sama. Kuɗinta bai kai na bulo biyar ba, kuma tana sama da inda mai tsayuwa kan gado zai leƙa, saboda haka maƙwabci ba shi da ƙara a kanta gaban alƙali. Ba za ta mai da kwana da gawayi ya zama amintacce ba, wannan sai an fitar da kurfoti waje kafin a kwanta. Amma a daren da gajiya ta rinjayi uwar gida ta manta, ko yaro ya shigo da shi bayan manya sun yi barci, kafar za ta rage gubar da ke taruwa a ɗakin kafin asuba, muddin ba a cusa mata tsumma ba.